Kuɗin Komawar Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Usmanu ɗan Malam Idi, mazaunin unguwar Tandabawi a Makka, zuwa ga wansa Salihu, wanda bai taɓa gani ba. Gaisuwa da girmamawa irin wadda ta wajaba a kan ƙane, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ci a gidanka.

Bayan haka, Yaya, na rubuta wannan da ajami don kowane malami a garinku ya iya karantawa. Na roƙi Alhaji Ɗanladi majemi, wanda zai kawo maka, kada ya ba ka a ɓoye. A karanta a zaure, mutane suna ji. Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami a gaban mutane ka yi ta, saboda haka gara amsarta ma su ji.

Inna ta rasu. Bara waccan ne, bayan alhazai sun watse, cikin tsananin zafi. An yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Ma'ala. Allah ya ba mu haƙuri, ni da kai. Da wannan na fara don kada ka yi ta saurare kana zaton da sauran lokaci.

Alhaji Ɗanladi ya zo gidanmu bana neman tuwo, don an ce masa akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Gumel da ke sayarwa. Ni ya tarar. Muna hira har muka gano garinku ɗaya. Ya ce da zai taso ya je yi maka sallama, ya tambaye ka ko kana da saƙo zuwa ga mahaifiyarka, ka ce masa: "Uwata Iya ce, kuma da hannuna na binne ta. Wadda ke Makka ta sami abin da ta fi so."

Ban ji haushi ba. Da ni aka bari, da abin da zan faɗa ya fi wannan ɗaci. Amma kai ba ka san yadda aka yi ba, ni kuwa ina wurin.

Ka san farkon labarin, ko da yake daga bakin wasu ka ji. Ba ka daɗe da yaye ba suka taso da ƙafa, ita da Baba. Ƙyanda ta kwantar da kai a shekarar, kakarmu Iya ta ce hanya za ta kashe ka, a bar mata kai, ai shekara biyu ko uku ne su dawo. Hanya ba ta yarda da lissafin Iya ba. Guzuri ya ƙare tun kafin su fita ƙasar Cadi. Suka tsaya a Sudan suna tsinkar auduga, a can aka haife ni. Yaƙin Turawa ya zo ya rufe teku. Da aka buɗe, Baba ya tsallake da mu a wani ƙaramin jirgin ruwa, ya sauke farali, bai sake ganin wani aikin hajjin ba. Ta rage daga ita sai ni, a ɗakin da aka haɗa da gwangwanaye a gefen dutsen Tandabawi.

Nan ta fara koko da ƙosai da safe, tuwo da rana. Lokacin hajji kuma mu kwashi tukwane mu tafi Mina, inda alhazan ƙasarku ke sauka. Mutum ya yi kwanaki yana fama da shinkafar Larabawa, ya jiyo ƙanshin miyar kuka, ai ko ba a kira shi ba zai zo.

Ga abin da nake so ka gane. Inna ba ta ajiye riyal. Riyal na cefane ne da kuɗin ruwa da hayar fili. Abin da za a ajiye kuwa sai kuɗin gida, fam da sule irin na Turawa, masu hoton bishiyar kwakwa, waɗanda ta baro ana ciniki da su. In wani alhaji ya ci tuwo ya miƙo riyal, sai ta ce: "Ba ka da na gida?" Idan yana da shi ta karɓa, har ta ƙara masa miya. Abin da ta samu na riyal a sauran shekara ma, hajji na zuwa sai ta bi alhazai ta musanya. Takan ce mini: "Riyal kuɗin mazauna ne. Ni wucewa nake yi."

Lalita ce da ita ta fata, tun ta tahowa, kullum tana ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zane. Ciki take cusa su. Wani lokaci in ta karɓi takarda sai ta kai hanci tukuna, ta ce tana warin daddawa da man shanu. Ni ban taɓa jin komai ba sai warin gumi.

Duk abin da ke nuna zama ta ƙi shi. Maƙwabta suka fara gina ɗakunan bulo, ta ce mu ba ma buƙata. Gado ba ta saya ba, a tabarma ta rayu. Akwai shekarar da aka zagayo ana rubuta daɗaɗɗun mazauna, wanda ya so a ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Mutanen layinmu da yawa suka karɓa. Ita ta ƙi ƙememe, ta hana a rubuta ni, ta ce ba za ta je gaban Iya da ɗa Balarabe ba. Shi ya sa yau ba ni da takardar nan, ba ni da ta can. Ba ƙorafi nake ba, gaya maka nake.

Na san abin da ya ɓata maka rai. Alhazan garinku sukan koma su ce sun gan ta, ta tambayi damina, ta tambayi rijiyar bakin kasuwa, ta tambayi Iya da 'yan uwan Baba har da jakin gidan, amma ba ta tambaye ka ba. Gaskiya suka faɗa. Kai ɗan fari ne, Yaya, ita kuwa mutumiyar da ce. Har ta koma ga Allah ban ji sunanka a bakinta ba, daga Baba na san shi. In ta matsu sai ta ce "na wajen Iya". Yadda take yi shi ne ta jero mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ka, ta ci gaba da juya muciya, tana jira baƙon ya kawo ka da kansa. Wanda ya gane ya ce, "Salihu ma ya girma, har ya yi aure," sai ta ce "To," ta shiga ɗaki ta daɗe. Wanda bai gane ba ya tafi da labarin cewa ba ta tambaya ba.

Sai aka ce ƙasarku ta sami mulkin kai. A bakin alhazai muka ji, suna ta murna, wasu har da 'yar tuta a jaka. Suka zo da sabon kuɗi. Wani ya miƙa mata, ta juya gaba ta juya baya, ta mayar masa. "Allah ya sanya alheri a mulkin," in ji ta, "amma ni ban san wannan ba. Ba ni na gida."

Kai, Yaya, ba ta taɓa cinikin da ya kai na shekarun nan ba. Labari ya bazu cewa akwai wata tsohuwa a Mina da ke son tsohon kuɗi. Mutane suka riƙa zuwa da shi a ƙunshe, suna ba ta ba ko ciniki. Ta yi ta sa musu albarka, tana cewa mutanen gida sun yi kirki tun da aka sami mulki. Ashe a can an fara janye shi daga kasuwa, kowa neman inda zai sauke nasa yake. Mutanenmu ne, da harami a jikinsu.

Mutum ɗaya ne ya yi mata magana, wani dattijo Bakatsine. Ya ce, "Hajiya, wannan fa a gida an fara tattare shi." Ta ce, "An ce ya mutu?" Ya ce shi dai bai ji an ce ba. Ta ce, "To, abin da ba a ce ya mutu ba, da ransa."

Shekarar da ta ga lalita ta cika, ta ce in nemo mai shirya tafiya, jirgin ruwa zuwa Sudan, daga can mota. Ta sayi dabino, ta ɗura zamzam a gwangwani aka liƙe bakin da dalma, ta sayi hula da carbi ba ta ce na wane ne ba. Mai shirya tafiya ya ce riyal yake karɓa. Muka je wurin wani mai canji a bakin Harami, mutumin da ya san kuɗin kowace ƙasa da taɓawa kawai. Ya duba, ya turo mana da yatsa. "Ƙadim, ya hajja," ya ce, wato tsoho ne. Muka bi layin masu canjin kaf. Wanda ya fi tausayi ya ce zai saya, a farashin da ba zai kai mu ko Jidda mu dawo ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce masu canji ɓarayi ne, in je in tambayi hukuma.

Ni aikina ɗaukar gajiyayyu ne a ɗawafi, mu huɗu mu ɗora mutum a gadon katako bisa kawunanmu mu zagaya da shi. In ba hajji, in ɗebo ruwa a garwa in sayar. Ban san ofis ba. Na ari riga na hau mota zuwa Jidda.

Na fara da ofishin mutanenku. Wani saurayi ne ya saurare ni, Bazazzagi, mai babbar riga da agogo. Wallahi ya girmama ni, har ruwan sanyi ya sa aka kawo. Ya ce maganar tsohon kuɗi tana tsakanin gwamnatocin biyu, ta ku da ta Turawan da suka tafi. Sun zauna, sun daidaita, sun sa hannu. Na ce to madalla, me suka daidaita? Ya ce, "Malam, mu ma ba mu gani ba. Abin da aka ce mana shi ne kada mu ce za a karɓa, kada mu ce ba za a karɓa ba." Na ce to me zan gaya wa tsohuwa? Ya ce in ce mata ana kan magana.

Ofishin Turawan a rufe yake a lokacin, sun yi shekaru ba sa shiri da ƙasar nan. Da suka shirya suka buɗe, na sake aron riga. Baturen ban gan shi ba, tafinta ne ya shiga ya fito. Ya ce an ce yanzu mu ba mutanensu ba ne, muna da gwamnatinmu. Na ce amma ai kuɗinsu ne, su suka buga. Ya sake shiga ya fito, ya ce an ce su da gwamnatinku aminai ne, ba za su yi magana a kan abin da ke tsakaninsu ba sai da yardarta.

Na koma wurin Bazazzagin, ya ce su ma ba za su yi magana ba sai da yardar Turawa.

Ka taɓa ganin dillalan raguna suna ciniki? A nan, in mutum biyu ba sa son 'yan kallo su ji farashi, sai su haɗa hannu, su yafa mayafi a kai, su yi ta matsa yatsun juna. Su gama, su yi dariya, su rabu. Haka na ga al'amarin. Mu ba masu saye ba, ba masu sayarwa ba, muna tsaye a gefe da igiya a wuya.

Daga baya wani malamin makaranta da ya zo hajji ya yi mini bayani. Ya ce kowace takarda da Turawa suka buga, akwai ajiyar da ke tsaye mata a can ƙasarsu. Da aka zo rabuwa sai maganar ajiyar ta taso: nawa za a mayar, nawa za a bari a hannunsu, har zuwa yaushe. Su Turawa ba sa so a san cewa suna jingine da ajiyar talakawansu na jiya. Su kuma sababbin shugabanni ba sa so mutanensu su san cewa mulki ya dawo gida amma dukiya tana can. Kowa ya rufa wa abokinsa asiri. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, ni ba ɗan boko ba ne. Abin da na sani, babu wanda ya tuna akwai mutane a bayan teku da kuɗin nan ɗaure a ƙugu.

Da na kawo wa Inna amsar, ta ce, "Ana kan magana? To, ai ba su ce a'a ba."

Wannan shi ne abin da ya cuce ta, Yaya. Da sun ce a'a, da ta yi baƙin cikin wata guda ta ɗaura ɗamara ta fara tarin riyal. A lokacin da ƙarfinta, tana iya ɗaukar tukunya daga nan har bakin titi. Amma ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Suka bar ta tana jira. Duk bayan hajji sai ta ce in leƙa Jidda ko an gama maganar.

A cikin haka wani mutum ya fara zagaya unguwa yana sayen tsohon kuɗi. Ba ita kaɗai ke da shi ba, tsofaffi da yawa haka suka yi, don kowa ya zo ne da niyyar komawa. Yana saye da arha, kamar yana yi maka alfarma. Gwaggo Asabe maƙwabciyarmu ta sayar da nata ta sayi keken ɗinki. Ta zo ta ce, "Kulu, ki karɓi abin da ya samu, kada ki tashi a tutar babu." Inna ta ce, "In matacce ne, me zai yi da shi? Tunda yana saye, akwai inda ake karɓa. Ranar da aka faɗi wurin, ni ma zan kai nawa."

Gaskiyarta. Akwai inda ake karɓa. Daga baya muka ji cewa an bar wata ƙofa a buɗe a wani banki can ƙetare, fam a bakin fam, ga wanda ya sani. Ba a yi shela ba, wai don kada 'yan kasuwa su taru a kai. 'Yan kasuwar kuwa su kaɗai suka sani. Lokacin da labarin ya hawo dutsen Tandabawi, an ce an rufe. Ko an rufe ɗin, ko wannan ma faɗa ce kawai, har yau ban sami wanda zai tabbatar mini ba. Gwaggo Asabe da ba ta yi dogon tunani ba tana nan tana ɗinki. Inna da ta gane abin sarai ita ta tashi ba komai.

Sai a lokacin ta fara ajiye riyal. Gwiwa ta riga ta tafi, ido ya yi hazo, ga masu tuwo sun yi yawa a Mina. Na ce zan ƙara da nawa, na kuwa ƙara, amma ina da mata da 'ya'ya uku, kuma wuyan mutum ɗaya ne. Muna cikin tarin aka kawo labarin rasuwar Iya. Na zaci za ta saki maganar tafiya. Sai ta ce, "Yanzu ne ma ya zama dole. Ba shi da kowa." Kana da mata da 'ya'ya a lokacin, ta sani. Amma haka ta ce.

Mun kai rabin kuɗin hanya ciwo ya kwantar da ita, rabin ya tafi a magani. Ba ta daɗe ba. Da rana tsaka ta cika, ina riƙe da kanta.

Da aka zo rabon gado, limamin unguwa ya tambayi abin da ta bari. Na ce tukwane ne da tabarma da takardun da ba sa sayen ko gishiri. Ya ce duk da haka a kawo, gado gado ne, kuma akwai magaji a wata ƙasa, ba za a ci haƙƙinsa ba. Ya zauna ya raba su biyu daidai, mutane suna kallo, babu wanda ya yi dariya. Rabonka yana hannun Alhaji Ɗanladi, tare da hular da carbin. Dabinon ya lalace tuntuni. Na ji an sake canza muku kuɗi saboda yaƙin da ake yi a ƙasarku, to ka ga naka ya tsufa sau biyu ke nan. Kada ka kai kasuwa. Ka dai riƙe a hannu ka ji kaurinsa, ka tuna kwano-kwano aka tara shi.

Ban rubuto don ka janye maganarka ba. Iya ta cancanci sunan da ka ba ta, Allah ya saka mata. Yaron da ya yi ta duban hanya har ya gaji ya daina, ba ni da bakin da zan ce masa bai kyauta ba. Abu ɗaya nake roƙo. In ka ɗaga hannu kana yi wa Iya addu'a, ka sa Inna a ciki, ko a ƙarshe ne. Addu'ata tana samu kullum, amma ni ta gan ni har ta gaji da ganina. Taka ce ba ta da ita.

Ni ba zan iya zuwa ba. In na fita ƙasar nan ba mai bari na dawo, kuma ban san ƙasar da za ta ce ni nata ne ba. Kai kana da ƙasa, kana iya neman fasfo. In Allah ya hore maka, ka zo. Ba zan yaudare ka ba, kabarinta ba zan iya nuna maka ba. A nan ba a sa alama, kuma bayan 'yan shekaru wani ake sawa a wurin. Ɗakin gwangwanin ma an rushe.

Abin da ya rage ni ne. Duk Tandabawi sun ce fuskarta ce da ni, har wushirya, har yadda take runtse ido ɗaya in rana ta dame ta. Matan unguwa in sun gan ni na sauko daga dutse, wasu sukan kau da kai su share hawaye. Ka zo ka zauna a gabana, Yaya, ka dube ni iya son ranka. Ba sai ka ce komai ba, ni ma zan yi shiru.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba da Iya, ya haɗa su a inda ba a rabuwa. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya raya maka zuriya, ya kawo ƙarshen yaƙin ƙasarku. Allah ya buɗe maka hanya tun ina da rai. Amin.

Ka gaida iyali da dattawan da suka saurara.

Ƙanenka, ciki ɗaya,
Usmanu.